Tsutsar da Bitrus ya so mahaifiyarsa ta gani

Shekara arba'in ke nan da rasuwar abokina Bitrus, mutumin ƙasar Biu, wanda ya yi aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Maiduguri. Ni kuwa mai hoto ne a unguwar Gwange tun kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, sana'ata duka ita ce in ce wa mutum kada ya motsa.

Wata rana ya shigo shagona ya ce, "Malam Sani, ina da masu son hoto, amma ba sa jin magana." Ashe tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani, masu makantar da mutanen bakin kogi. Yakan ɗan yanko fatar majinyaci, ya sa a ɗigon ruwan gishiri kan gilashi, su fito suna mutsu-mutsu a ƙarƙashin madubin likita. Idon mahaifiyarsa ya fara dushewa, ta kuma rantse ƙanwarta ce ta yi mata sammu, har gaisuwa ta yanke tsakaninsu. So yake ta ga mai laifin da idonta, tun tana iya gani.

Mun sha wuya. Kyamarata na son abu ya tsaya cik, su kuwa ba su san hutu ba, duk hoton da na wanke sai ka ce an shafa toka. Ya gwada ƙanƙara, gilashin ya yi gumi. Ya gwada zafi, suka mutu suka sandare, ya ce wa zai yarda wannan zaren ya cinye ido? Ni na gaji tun a watan farko, na kuma faɗa masa. Shi dai mai haƙuri, ya yi ta dafa dutsensa, har ya jiƙa ƙaro ya yi kauri ya ɗiga musu. Suka lafa, da ransu, a lanƙwashe. Hoton ya fito tas.

Yau jikata kan ɗauki hoton tsuntsu yana tashi da wayarta, ba ta ko tsayawa. Da Bitrus zai gani, ina jin ba zai yi murna ba, sai dai ya yi ta tuna watannin da muka ɓata. Na kuma ji an ce yanzu ƙwaya ake rabawa a ƙauyukan, ciwon ya ja baya.

Kwafin hoton da na ajiye ya ɓace a ƙaurar da muka yi zuwa unguwar Bolori, waɗanda suka san Bitrus ma saura ƙalilan. Abin da ya rage mini shi ne labarin da ya ba ni da ya dawo daga kai wa mahaifiyarsa hoton a gida, kuma har yau yana ci mini rai. Ya miƙa wa tsohuwar hoton, ta shafa gaba, ta shafa baya, ta ce, "Ɗana, takarda ce kawai nake ji." Ƙanwar tata ce ke jan ta da sanda zuwa coci har tsohuwar ta rasu, ba ta taɓa ce wa ƙanwar sannu ba.