Golmon Mata a Gonar Kaka

Jiya da hantsi ina tsaye a bakin titi a Kaduna ina jiran abin hawa, sai na ji ƙarar keken ɗinki daga wani shago a bayana. Ba irin na lantarkin nan mai zuga kamar injin markaɗe ba, tsohon keken ƙafa ne, irin wanda sai an lallaɓa shi yake tafiya. Ban ankara ba motoci biyu suka wuce ni. Jikina yana Kaduna, amma hankalina ya riga ya isa Zuru, ya kwanta a ƙarƙashin teburin yankan yadi, yana kallon ƙafafun mata suna hawa suna sauka.

Ban fi shekara takwas ba muka koma gidan Kaka, mahaifin Mama. Babana soja ne, kamar rabin mazan unguwarmu. Ya tafi aiki, akwatinsa na ƙarfe ne kawai ya dawo mana. Muka kwashe 'yan komatsanmu daga bariki muka dawo gidan da ke gindin dutse, inda rumbuna suka fi ɗakunan kwana yawa. Tun daga nan Mama ta shiga wani irin shiru. Tana dafa abinci, tana yi mini wanka, tana zuwa coci ranar Lahadi, amma in ka kalli idonta sai ka ga kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Nakan yi ɓarna da gangan don ta yi mini faɗa, amma ko faɗan ma ba na samu.

Wata maƙwabciyarmu ce ta ja ta zuwa cibiyar mata, kusan da ƙarfin tsiya. Tsohon gida ne a bayan kasuwa, da katon mangwaro a tsakar gida. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta buɗe wurin, ba na coci ba ne, ba na masallaci ba, kuma ba a biyan ko sisi. Da safe a yi karatu da lissafi, bayan azahar a hau keke ko a haɗa sabulu da man shafawa. Mai kula da wurin Malama muke ce mata, tsohuwar nas ce, 'yar ƙasarmu, amma ta ƙare ƙuruciyarta a asibitocin birni kafin ta yi ritaya ta dawo gida. Gilashinta kullum a kan karan hanci yake, ta samansa take kallon mutum, sai ka ji kamar ka yi laifi ko ba ka yi ba.

Babu irin macen da ba ka samu a wurin. Ga matan sojoji, ga waɗanda mazansu suka rasu, ga matan 'yan kasuwa da hijabansu, ga tsofaffi daga ƙauyen Manga da suke zuwa a ƙasa da daddawarsu, in an tashi su wuce kasuwa. Akwai kuma Madam, Inyamura mai shagon kayan masarufi, wadda ta zo koyar da haɗa sabulu na wata guda, hirar wurin ta riƙe ta, ta zauna koyon ɗinki. In azahar ta yi, Musulmi su shimfiɗa ɗankwali a gindin mangwaro, Kiristoci su karɓi goyonsu su riƙe har a sallame.

Ni kuwa da an tashe mu daga firamare can nake nufa, in shige ƙarƙashin teburin yanka. Wurin akwai sanyi, ga ƙamshin man keke da na sabuwar atamfa. Ƙyallaye suna faɗowa daga sama, ja da kore da ruwan ɗorawa, in tattara su in yi matashi. Da ƙafa na san matan nan kafin in san fuskokinsu. Wata ƙafar da lalle, wata da faso, wata tana taka keke a hankali kamar mai tsoron tada barci. Sau da yawa ƙarar kekunan takan ɗauke ni, in ga kamar gidan duka ya tashi yana tafiya da mu a kan duwatsu, mangwaron ma yana biye. A irin wannan gyangyaɗin ne wata rana na ji wata dariya da na sani amma na manta mai ita. Na leƙo, sai ga Mama, ta ɗinke hannun riga a wuya, Madam tana ɗaga rigar tana nuna wa kowa, ita kuma tana dariya har da riƙe ciki. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, na koma ƙarƙashin tebur na cusa fuska cikin ƙyallaye.

Haka muka ci rani, muka ci bazara. Mama ta fara yi mini faɗa, ta fara karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin magani, ta ɗinka wa Kaka wando mai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya sa abinsa zuwa coci bai ce uffan ba. Daga nan ruwa ya sauka.

In ba ka taɓa ganin Zuru da damina ba, ka yi rashi. Duwatsun nan da suka yi fari fat da rani sai su wayi gari kore shar, gajimare ya sauko ya kwanta a kafaɗarsu har hantsi. Amma ruwan da ke tada dawa shi ke tada ciyawa. Gonar Kaka babba ce, 'ya'yansa maza duk suna bariki ko birni, shi kuma gwiwa ta fara ƙin sa. Sai ya je ya zauna a kan wani falalen dutse a bakin gonar, ya yi tagumi, ya yi ta ba ni labarin golmo.

A ƙasarmu, saurayi ba ya samun mata da baki. Shi da abokansa suke jeruwa a gonar uban yarinya da garemaninsu, damina bayan damina, har shekara bakwai, kafin a ba shi ita. Wannan shi ne golmo. Kaka ya yi wa kakata, babana ma ya yi wa Mama kafin ya sa kaki. Kaka yakan ce da can gonar nan ba ta taɓa kwana da ciyawa ba, saboda yana da 'ya'ya mata. Sai ya harare ni ya ce, “Ke kuma, mummunar matata, ki yi maza ki girma a zo a nome mini gona.” In ce ai ni ba mai aurena sai mai mota, ya ce mai mota ba ya iya riƙe garma.

Wata safiya ya kira Mama, ya yi mata magana da yarenmu, ba da faɗa ba. Ya ce ciyawa ta kusa shanye dawa, in aka rasa noman nan, baɗi babu abin da za a zuba a rumbu. Ya ce karatu ba ya ruɓewa, ta ajiye shi har kaka. Gaskiya ya faɗa, Mama ma ta sani. Sai dai ita ma Malama tana da tata dokar: wadda ta yi makonni ba ta zo ba, a ba wata kekenta, don masu jiran gurbi sun fi kekunan yawa. Mama ba ta yi musu ba. Ta je ta mayar da almakashi da tef ɗin awo, ta dawo ta ɗauki fartanya.

Tare muke zuwa gonar, ita a gaba ni a baya. Mace ɗaya a gona irin wannan, kafin ta kai ƙarshen kunya ciyawa ta sake tsirowa a farkonta. Ba gajiyarta ce ta dame ni ba. Shirun nan ne na ga yana dawowa, yau kaɗan, gobe kaɗan. Na fasa mata ƙwarya, ta dube ni kawai ta kwashe sakainun. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san in ta sake shiga ɗakin shirun nan, ba lallai ne a samu mai fito da ita ba.

Ranar wata Asabar, an kwana ana yayyafi, gajimare ya rufe hanyar da ta gangaro daga gari. Ina zaune kusa da Kaka a kan falalen dutse sai na ji kamar waƙa daga nesa. Na ɗauka cikin kaina take. Can sai ga ɗankwali ja ya fito daga cikin farin nan, sai wani, sai wani, kamar ana zaro su ɗaya bayan ɗaya. Matan cibiya ne, kowace da fartanya a kafaɗa, tsofaffin Manga a gaba suna ba da waƙa, masu hijabi sun ɗaure shi a ƙugu, wasu da goyo, wasu da tulun kunu. Malama ce a ƙarshe, da farin takalminta na asibiti da ya riga ya koma ja.

Ta durƙusa ta gaida Kaka. Ta ce, “Baba, mun zo mu kama ma ɗiyarka aiki.”

Kaka ya murtuke. Na san ransa bai so ba, don a ganinsa abin kunya ne a ce mata baƙi ne suka nome masa gona. Ya juya fuska ya yi ta kallon dutse. Su kuma ba su jira izini ba, suka jeru daga wannan iyaka zuwa waccan, suka duƙa. Mama tana tsaye a tsakiyar gona da fartanya a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya, har layin ya iso ya haɗiye ta.

Madam ce ta sauko da Kaka daga dutsen. Baiwar Allah tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin dawa tana ƙarama ba, sai a buhu. Ta duƙufa da iya ƙarfinta tana sare dawa tana barin ciyawa, har tana yi wa ciyawar gyara a gindi. Kaka ya gani, ya daure, ya sake gani, ya kasa. Ya miƙe da sandarsa ya ɗingisa har inda take.

“Ke wagga, noma kika zo ko girbi?”

“Baba, ni bai sani ba,” in ji Madam. “Shi da shi duka kore ne.”

Gonar ta kwashe da dariya. Kaka ya karɓi fartanyar, ya tsugunna da gwiwar da ya ce ba ta lanƙwasuwa, ya nuna mata yadda ganyen dawa yake da yadda na ciyawa yake. Daga nan bai koma dutse ba. Ya yi ta bin layin yana gyara wa wannan riƙo, yana yi wa waccan tsiya, kamar yadda na ji yana yi wa samari a da. Hannun Malama ya yi bororo tun kafin rana ta take, ya ce ta naɗe shi da ƙyalle ta ci gaba, babu mai hutawa a gonarsa.

La'asar sakaliya aka kai ƙarshen kunya ta ƙarshe. Aka zauna a gindin ɗorawa ana shan kunu, ƙasa tana ƙamshi, dawa ta miƙe ta sha iska. Kaka ya gyara murya, ya yi magana da Hausa don kowa ya ji.

“Ku saurara. Nan ƙasar, ba a jeruwa a gonar mutum haka nan banza. Duk wanda ya kawo layi ya nome maka gona, ɗiya yake nema. Ku wa kuka zo nema?”

Masu hijabi suka kalli juna. Malama kuwa, duk da shekarunta a birni, ta gane. Ta cire gilashi, ta sake durƙusawa kamar yadda iyayen saurayi suke yi.

“Ita muka zo nema, Baba.”

“Golmo ba a yin shi shekara guda.”

“Baɗi ma muna nan tahe.”

Ya daɗe yana kallon Mama. Sannan ya ce, “To ku tahi da ita.”

Tsofaffin Manga suka rangaɗa guɗa. Mama ta rufe fuska da gefen zani, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba kuka ne ko dariya. Ranar Litinin Kaka ya sa wandon nan nasa, ya raka ta har ƙofar cibiya, ya tsaya a waje bai shiga ba, don uban amarya ba ya shiga ɗakinta. Daga ranar matan suka laƙaba mata Amarya. Malama kuma ta sassauta dokarta, Asabar ɗin damina ta zama ta gona, yau a ta wannan, wani makon a ta waccan.

Sun dawo baɗi, sun dawo baɗin baɗaɗa. Kaka yakan fara shirin tsiyar da zai yi musu tun ruwan farko. Bai ga cikar shekarun ba, saura damina ɗaya ya rasu. Da ruwa ya sauka Mama ta ce musu su huta, mai gonar ba ya nan. Malama ta dube ta ta saman gilashi ta ce, “Ba da ke muka yi alkawari ba.” Suka je suka nome ta tas, suka ajiye ƙwaryar kunu a kan falalen dutse, suka dawo babu waƙa.

Yanzu ɗan kawuna ke riƙe da gonar. Shi kaɗai yake shiga da tankin feshi a baya, kafin azahar ya gama abin da ya ci wa matan nan yini. Samari da yawa sun daina golmo, sulhu ake yi da iyayen yarinya a biya kuɗi. Cibiyar ma ta canza, an yi mata sabon gini da wutar sola, 'yan mata suna zuwa a kan babur suna duba samfurin ɗinki a waya. Ban ce da ya fi yanzu ba, na ga bororon hannun Malama da idona. Amma raina yakan sosu in na tuna yaran nan ba su taɓa ganin layin mata ya fito daga cikin gajimare ba.

Mama ce ke koyar da yanka a wurin yanzu, kanta ya yi fari. Sababbin ɗalibai suna ce mata Mama Amarya, a zatonsu sunanta ke nan, ita kuma tana amsawa. Sau biyu aka duƙa a gonar Kaka saboda ita. Mai golmon farko ya tafi bai dawo ba. Masu na biyun kuwa har yau tana gidansu.