Shekarar da Aka Kife Turmina

Maigidana mai gyaran mota ne a wani garaji a unguwar Dagmanet ta Agadez, kuma irin mutanen nan ne da in suka ga ƙarfe ya lalace ba sa jin daɗin abinci sai sun kwance shi sun ga hanjinsa. Ya gaji wata bindigar farauta mai baki ɗaya daga mahaifinsa, da takardarta da komai, amma tun da na shigo gidan ban taɓa ganin ya kawo ko zabuwa ba. Shafa mata mai kawai yake yi ya mayar da ita bayan ƙofa.

Ni kuwa abin da na zo da shi nake taƙama da shi turmi ne. Babban turmi na icen ƙirya, wanda ayari ya ɗauko daga kudu tun Inna, mahaifiyata, tana yarinya, sai maza biyu sun haɗu suke ɗaga shi. Sau ɗaya aka taɓa kife shi a sanina, ranar da aka zaunar da ni a kansa aka yi mini wankan aure. Bayan wannan Inna ta ja mini kunne, ta ce matar da ta kife turminta ta sallama wa yunwa gida ke nan.

To, sai fari ya zo. Sama ta bushe, dabbobi suka yi ta faɗuwa, gari ya cika da mutanen daji da suka rasa komai. Soji suka karɓi mulki, aka shiga rabon abincin taimako, wani gari niƙaƙƙe da ba ya buƙatar daka, ba ya kuma daɗin tuwo. Unguwarmu da a da tun asuba ake jin lugude ta yi tsit. Turmina ya zauna a gindin bango, taɓarya jingine a jikinsa, kullum sai na share masa ƙasa kamar mai jiran baƙo.

Abu ɗaya ya rage mana, lambun Inna a ƙauyen Dabaga. Rijiyarsa ba ta ƙafe ba, yayana yana wuni yana jan ruwa da raƙumi ɗaya da ya tsira, masara kuma ta fara goyo. Ita ce abincinmu na shekara, mu da su. Sai ga saƙo ya zo ta bakin wani direban kamiyo, babbar motar kaya: jajayen birai sun sauko daga duwatsu, yunwa ta koro su, suna karya masarar tun ba ta nuna ba. In ba a yi wani abu ba, kara kawai za mu girbe.

Maigida ya ji, idonsa ya yi haske kamar an yi masa albishir. Harsashi dai babu shi a butiki, wato kanti, soji kuma sun hana farauta. Amma ya je wajen jandarma da takardarsa ya yi bayani, aka ce masa in tsoratarwa ce kawai, ba kisa ba, ya je ya kare lambunsa. Sai ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado, wanda wani Bature ya bar masa lokacin da ya gyara masa mota zai koma ƙasarsu. A ciki akwai ɗan inji mai hannu na sake cika kwanson harsashi, da tarin kwansuna da aka riga aka harba, da gwangwanin albarushi. Ya ce zai cika su ba tare da dalma ba, ƙara kawai da hayaƙi.

Daga ranar gidana ya zama nasa. Ya zagaya ɗaki ɗaki yana neman inda ya fi nisa da murhu, ya zaɓi ɗan ɗakin ajiya na can ƙurya, ya kori kajina daga ciki ba ko sannu. Ya share, ya kafa ƙusoshi a bango ya rataye kayan aikinsa, ya jera gwangwanayen sardin wankakku, kowanne da abin da ke cikinsa. Ya aro ƙaramin ma'auni wajen maƙwabcinmu maƙerin azurfa. Ya sa kwaɗo a ƙofa saboda yara, ya kafa doka: ba fitila, ba taba, ba gawayi. Abokansa da suka zo kallo da butar shayinsu ya tsayar da su a zaure, suka yi ta mita wai ba su taɓa ganin wurin aikin da ba a dafa shayi ba a duk Agadez. Gaskiya ya burge ni, don ban taɓa ganin ya kula da wani abu haka ba, amma ban nuna masa ba.

Matsalar ita ce inda zai ɗaura injin. Ɗakunanmu yashi ake shimfiɗa musu a ƙasa. Ya kawo tabur, wato teburin aikinsa, daga garaji, ya ɗaura, da ya danna hannun injin sai ƙafar tabur ta nutse cikin yashi, gwangwanaye suka watse. Ya sa duwatsu a ƙarƙashin ƙafafun, suka zame. Ya kafa katako a jikin bango, bangon ƙasa ne, ya ɓarke ya zubo masa a ka. Ya fito tsakar gida fari fat da ƙura, ina tankaɗe ina dariya har da hawaye. Sai na ga ya tsaya yana kallon gindin bango, ya karkata kai irin yadda yake yi wa motar da ya gano ciwonta.

Na ce, "A'a. Ko da wasa."

Ya ce, "Ban ce komi ba tukuna, uwar yara."

"Idonka ya ce. Turmin ga ba a kihe shi."

"Duba mini nauyinai. In anka kihe bakinai cikin rairai, ko raƙumi ba ya gusa shi. Mi kike dakawa a ciki yanzu?"

Wannan tambayar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Na tashi na shige ɗaki, na ƙi yi masa magana har la'asar. Ina zaune ina tuna maganar Inna, ina kuma tuna masarar da birai ke karyawa a daidai wannan lokacin. Na ga cewa in na bar turmin a tsaye don gudun yunwa, to a tsayen zai zauna babu ko ƙwaya a cikinsa. Na fito na same shi, na ce na ba shi aro, da sharaɗi: ranar da masarar Dabaga ta shigo gidan nan, ko yana tsakiyar aiki ne zai kwance ƙarfensa ya miƙar mini da turmina. Ya ce ya yarda, har da ɗaga hannu sama.

Shi da maƙerin azurfa suka mirgina turmin zuwa ɗakin, suka kife shi, suka murza bakinsa cikin yashi. Na juya baya lokacin da ya fara huda gindinsa don sa bulon, ƙusoshin nan masu murɗi, ƙarar tana shiga mini har cikin haƙori. Amma da ya ɗaura injin ya danna, turmi ko motsi. Ya yi ihu kamar yaro, ya kira ni in zo in gani. Ya zauna a kan ƴar kujerata ta tsakar gida, turmi tsakanin gwiwoyinsa, yana auna kowane abu a natse, leɓensa na motsi da bisimilla. Da ya rasa abin da zai toshe bakin kwanson, ni da kaina na ba shi wani tsohon zanena mai ruwan ɗorawa ya yayyanka. Wanda ya ba da turmi, tsumma ba zai gagare shi ba.

Ranar tafiya Dabaga na fito da taɓarya a kafaɗa. Ya tambaye ni ina za ni da ita. Na ce tun da an raba ta da mijinta, yaji za ta yi, gidan Inna za ta koma har a biko ta. Mutanen cikin kamiyo suka yi ta dariya, muka kama hanya.

Lambun yana nan kore shar a tsakiyar ƙasar da ta ƙone, har na ji ƙwalla ta zo mini. Amma gefen da ke kusa da duwatsu duk an kwantar da shi. Maigida ya saɓa bindiga ya nufi wurin da tafiyar jarumai, birai suka hango shi tun daga nesa, suka haye dutse suka zauna suna sosa ciki. Ya harba, ƙarar ta amsa a kwari, ko gezau ba su yi ba. Da ya koma inuwa, suka sauko. Haka aka wuni, yana zuwa suna hawa, yana komawa suna sauka, harsasan da aka kife mini turmi dominsu suna ƙarewa a banza.

Inna tana zaune a gindin dabino tana kallo, ta gaji ta kira shi.

"Ɗana, birin nan ya san wando. In ya ga namiji, tun daga nesa ya tahi. Mu mata kuwa ya rena mu, har gabana yake zuwa ya karya zangarniya yana kallon idona. In kana so ka kusance shi, sai ka zan mace."

Maigida ya sunkuyar da kai don kunyar suruka, ya ce, "Inna, wanga abu da wuya."

Na ce, "Kihe turmi ma da wuya, amma an yi."

Sai ya sallama. Na ja shi bayan bukka na ɗaura masa zanena, na yafa masa baƙin mayafin Inna har ya rufe gemu, na ɗora masa kwando a ka. Na koya masa tafiya, na ce ya rage faɗin taku, ba garaji zai je ba. Yayana ya leƙo daga bakin rijiya, ya ga abin da ya gani, ya saki igiya ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki, raƙumin ma ya tsaya yana kallo.

Baiwar Allah, wato maigida, ta tafi tana rangwaɗa, bindiga ɓoye cikin mayafi. Birai na cikin masara, babu wanda ya ɗaga kai. Babbansu ma har ya juya mata baya. Sai da ta kai tsakiyarsu ta yar da kwando, ta ɗaga bindiga sama ta saki. Wayyo! Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba, uwa ta manta ɗanta ta dawo ta fizge shi, babban ya yi karo da shinge. Hayaƙi ya tashi, ƴan guntayen zanena masu ruwan ɗorawa suka yi ta saukowa a kan masara. Inna ta rangaɗa guɗa, ni kuwa dariya ta hana ni tsayuwa.

Ya ƙara kwanaki yana wannan aiki, yau da zanena, gobe da na Inna, har harsasan suka ƙare, garaji kuma na jiransa. Masara da saura kafin ta bushe. Da safen da ya tafi, birai suka sauko. Ba ni da komai sai taɓarya. Na lulluɓe ta cikin mayafi na nufe su, da na matso na fito da ita na ɗaga sama kamar yadda na ga yana yi. Kafin in buɗe baki sun kai kan dutse. Daga ranar ni da Inna muka riƙa karɓa-karɓa, har ta kai ko tsintsiya mace ta ɗaga a lambun nan sai ka ga ƙura. Inna ta ce a tsawon rayuwarta ba ta taɓa zaton za ta ga ranar da biri zai girmama ta ba.

Muka girbe. Ba ta kai ta shekarun albarka ba, amma buhuna ne na gaske, aka raba, aka ɗora namu a kamiyo. Ina shiga gida ban ko sha ruwa ba na tsaya a ƙofar ɗakin ƙurya da taɓarya a hannu. Yana zaune a gaban injinsa, ya dube ni, ya dubi buhunan, ya ɗauki kile, wato sifana, ya fara kwance bulon. Da aka miƙar da turmin muka tarar huda ɗaya ta zarce har ciki, ana hango haske ta ƙasa. Na buɗe baki zan fara faɗa, ya ce in yi masa haƙuri kaɗan. Ya fere ɗan icen goruba ya buga a ramin, ya goge har ya yi daidai. Toshiyar tana nan har yau, ina jin ta da yatsa in ina wanke shi.

Na zuba masara, na yayyafa ruwa, na ce bisimilla na saki taɓarya. Ƙarar ta daki bango ta fita unguwa. Ban yi nisa ba sai na ji muryar tsohuwar da ke bayan gidanmu ta kan katanga.

"Wa ke daka?"

Na ce, "Ni ce, Iya."

"Hatsi na gaske?"

"Masarar Dabaga."

Sai na ji tana kuka tana hamdala. Kafin in surfe turmin farko mata sun cika tsakar gida, biyu sun zo da taɓarensu, muka haɗa lugude muna tafi muna jefa su sama. Maigida yana tsaye a bakin ɗakin ƙurya rungume da injinsa, ya rasa inda zai ajiye shi, yana ta dariya. Ya ɗaga murya ya tambaye ni yaushe zan sake ba shi aro. Na ce ya je ya nemi tabur, turmina yana da aiki.