Hannun Da Ya Karye A Goshina

Shekara goma sha biyu ke nan da ƙarfen gini ya kuɓuce daga hawa na huɗu a unguwar Zahir ta Makka, ya faɗo wa Hamidu Guduma a ka. Ina gefensa riƙe da bokitin siminti. Nan take ya cika. Da hannuna na tattara abin da ya zuba, na rufe shi da rigata.

Ban yi makaranta ba. Maƙwabcina ke rubuta wannan, ni ina faɗa.

Kafin Makka, ni da Guduma 'yan dambe ne a ƙasar Ƙonni. Sau biyar muka kara. Ya zubar mini da haƙora uku, ya tsiyaye mini idon hagu. A karawa ta ƙarshe na sunkuya, naushinsa ya sauka a goshina, na ji ƙasusuwan hannunsa sun farfashe cikin naɗin igiya. Bai tsaya ba. Da karyayyen hannun ya ci gaba da dukana har na faɗi. Da aka kwance igiyar, yatsun sun lanƙwashe, ba su sake miƙewa ba. Bayan shekaru muka haɗu a unguwar Hindawiyya ta Makka: kafili ɗaya, wato ubangidan da ya tsaya mana, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya.

Alhazai daga gida kan gane shi, su kawo tsofaffin hotunansa ya sa musu hannu. Sunansa kaɗai ya iya rubutawa. Yakan damƙe biro a dunƙulen hannu kamar mai riƙe wuƙa, ya danna yana cije leɓe don zafi. Rubutun mummuna ne, wani lokaci har ya huda takarda. In ka juya hoton ka shafa bayansa, za ka ji shi a yatsa kamar tsagar fuska. Bai taɓa karɓar komai a kai ba.

Yanzu tsohon dambe ya dawo cikin wayoyi, har ana neman hotunan mutanen da. Watan jiya Rabi, 'yar Guduma, ta zo wurina da mijinta. Tana ƙarama ubanta ya rasu, ba ta da komai nasa. Mijin ne ya sayo mata hoton a wani shago a Hindawiyya, da suna a ƙasa, rubutu mai kyau kamar na malamin makaranta.

Ta ce, "Ammi," wato baffa, "hannun Baba ne, ko?"

Na juya hoton na shafa. Sumul. Na sake shafawa, don ina son in ji wani abu. Tana kallon bakina. Da na ce eh, da ta rataye shi a bango ta samu uba, ba kuma wanda zai tona ni. Na ce mata, "Ba shi ba ne." Ta yi kuka irin na ranar jana'iza, ni na jawo.

Mijin ya roƙe ni in raka shi shagon. Mai shagon haifaffen nan ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce wai tsohon da bai san alif ba shi zai koya masa sa hannu. Na haɗiye. Ya ce da ido ɗaya ake tantance kaya yanzu? Na haɗiye wannan ma. Sai ya jawo durowa cike da hotunan, ya ɗauki biro, ya rubuta sunan a gabanmu yana dariya.

"Lebura ne ya mutu, ya shaiba, tsoho. Ni na raya sunansa."

Naushi ɗaya na yi. Na ji muƙamuƙinsa ya goce, ya faɗa cikin gilashin kantarsa, jini ya malale a kan hotunan. Yatsuna biyu suka karye. Shurɗa, 'yan sandan nan, suka zo suka tafi da ni. Mijin Rabi ya yi ta kai-komo har aka sasanta aka sake ni, amma kafili ya ce ba zai sabunta mini iƙama, takardar zama, ba.

Da Guduma na nan, ni zai zaga, ba mai shagon ba. Ranar da ya shigo Makka ya rantse ya daina duka, kuma ya cika. An mare shi a wurin aiki ina gani, ya sa hannu a aljihu. Ni ban kai shi ba. Na ɗaga hannu a garin da bai kamata ba, ina neman gafarar Allah. Amma ban yi nadamar abin da na gaya wa 'yarsa ba.

Hotunan da ya sa wa hannu da kansa suna warwatse a ƙauyuka, wataƙila gara ta cinye su. Duk wanda aka kawo wa hotonsa, ya juya ya shafa. Rabi ta sa almakashi ta yanke ƙasan hoton, ta rataye sauran, don fuskar dai tasa ce. Kullum takan tambaye ni yadda yake cin abinci, yadda yake dariya, ina faɗa mata.

Yanzu ina unguwar Shisha, a ɗakin baƙi na gidan mijinta, hannuna a ɗaure. Ina jiran takardar fita daga ƙasar. Ba a sa rana ba tukuna.