Yadda Na Sayar da Zubin Inna da Ƙuli-ƙuli Uku

Ranar wata Laraba bayan la'asar, shekarar da nake famfara, matan unguwarmu a Azare suka cika tsakar gidanmu maƙil. Goggo Falmata, 'yar Barno mai ƙuli-ƙuli, ta zo karawa da Innata a dara. Darar mata ba irin ta maza ba ce, da ake wuni a inuwa ana shafa gemu. Su mata tuwo na jiransu. Sai a tona gurabu talatin kusa da murhu, wata ta tsaya a kan turmi tana daka. Wadda taɓarya ta sauka sau uku ba ta motsa ɗan dararta ba, an cinye ta, kuma ita za ta yi wa abokiyar karawarta surfe da daka mako guda. Inna ba ta taɓa daka wa kowa ba.

A irin wannan sauri babu damar tunani, zubin farko shi ne komai, kowace mace kuwa tana ɓoye nata kamar sirrin miya. Ni ko kullum ina gindin Inna tana gwada nata da ƙwallayen dabino. Ana jibi wasan, Goggo ta ja ni bayan danga ta damƙa mini ƙuli-ƙuli uku. Na zana mata zubin Inna a ƙasa, gurbi-gurbi: huɗu a tsakiya, biyu a hagu. Ko haƙoran cin hancin ba ni da su, sai da na jiƙa shi a ruwa.

Da aka fara, Goggo ta yi maza ta toshe tsakiya da hagu tana murmushi. Na hango Inna da taɓarya a gidan mutane saboda kwaɗayina. Sai ga Inna tana zuba nata a kusurwoyi, abin da ban taɓa gani ba. Goggo ta daskare, hannu a sama, tana zabga mini harara. Tim, tim, tim. Guɗa ta kaure.

Inna ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Falmata, tulun nan mai yoyo ni na haife shi. Abin da nake so ya tsiyaya miki, shi nake zuba masa."

Mako guda Goggo na daka a gidanmu, ni ke ɗebo mata ruwan surfe, ko kallona ba ta yi.

Yanzu injin niƙa ya kwantar da turame, an shafe tsakar gidan da siminti, babu inda za a tona gurbi. Jikokina mata a waya suke wasansu, ba mai neman sirri a wurina. Ƙuli-ƙuli dai har yau sai na jiƙa, haƙoran sun sake tafiya.