Durgun Gwaggo

Durgu kaza ce mai gajerun ƙafafu, in tana tafiya kai ka ce da ciki take share tsakar gida. Da can babu gidan da ba ta a yankinmu na Zermu. Yanzu sai ka zagaye kasuwar Mirriya kaf ba ka ga ko ɗaya ba, kowa ya koma wa manyan kaji masu tsoka.

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta riƙe irin a ƙauyenmu. Da ciwon ƙafa ya kayar da ita sai ta rarraba kajinta ga dangi. Ni ta ba ni budurwar kaza da zakara, na hau mota da su zuwa gidana a unguwar Kara-Kara, cikin Damagaram.

"Ba kyauta ba ce, ajiya ce," in ji ta. "Ki bar ta ta yi 'ya'ya."

Na ce to. Ni da nake fama da koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, kaza ce za ta gagare ni?

Iya kwanci ne ya cuci durgu. Zabuwa ba ta da haƙurin zama kan ƙwai, shi ya sa da damina ake kwashe ƙwan kaza a zuba mata na zabi. Durgu kuwa in ta kwanta ko tsawa ba ta tashe ta. Daminar farko na sa mata na zabi, nata na soya da albasa muka ci da burodi. Ta ƙyanƙyashe su duka. Labari ya bazu, maƙwabta suka fara sallama da ƙwai a ƙwarya. Ban iya cewa a'a ba, kuma in faɗi gaskiya yabon yana yi mini daɗi. Nata ƙwan kuwa, da bazara in ce zafi zai lalata su, da sanyi in ce lokacin cutar kaji ne. Zakaran ma na yanka wa surukaina.

A shekara ta biyar ta daina ƙwai. Na ba ta gero, na ba ta dusa, shiru.

A lokacin ne Gwaggo ta zo Damagaram ganin likita, ta sauka a wurina. Tana zaune a tabarma, zabi na ta kwarmato, sai ga durgu ta fito ita kaɗai.

"Ga tawa nan, ta tsufa. Ina 'ya'yan?"

Na faɗa mata komai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Na sauran dangi duk cuta ta kwashe. Ni kuwa ina ta ce wa mutane iri bai ɓata ba, yana hannun 'yar boko."

Washegari da za ta tafi, ta ce in kamo mata abarta. Na ce ai ba ta ƙwai kuma, Gwaggo.

"Na ji," ta ce. "Kamo ta."