Ranar da Teku Ta Dawo

Ni dai tun ina yaro wautata ba ta tafiya ita kaɗai, kullum da surutu take zuwa. Aji uku na yi a makaranta aka sallame ni, malamai suka huta, ni ma na huta. Amma a duk shirmen da na tafka, babu wanda har yau yake tayar mini da tsigar jiki kamar na kwana uku bayan ƙaramar salla, shekarar da na cika goma sha biyu.

Kawu Sale, ƙanen mahaifiyarmu, kifi yake ɗaukowa daga Lis, wani gari a bakin teku, zuwa Makka. Ran nan bayan asuba ya kwashe mu daga unguwarmu Utaibiyya a Makka, ni da ƙanwata Habi mai shekara shida, a bayan mota tsakanin akwatunan ƙanƙara masu ƙarni. Daga bakin teku wani tsohon masunci abokinsa ya tsallaka da mu a kwalekwale zuwa wani tsibiri da babu kowa a kansa. Muka bi wata siririyar hanya cikin ƙayoyi, muka ga rusasshen masallaci da aka gina da dutsen teku mai huji-huji, da rijiyar da ta ƙafe, da kaburbura a jere ba suna. Kawu ya ce alhazan zamanin da ne, jirgin ruwa ya ajiye su a nan ba su ƙarasa ba, wataƙila har da namu masu tsallakowa daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin. Muka yi musu addu'a, muka ci burodin tamis da waken ful. Da za su zagaya duba raga, masuncin ya nuna ni da yatsa: "Ya walad, kai yaro, kada ku yi nisa, ruwa na tafe."

Na ɗaga kai na dubi sama. Mu 'yan Makka ruwan da ke kisa daga sama muka san yana zuwa: hadari ya haɗu a kan duwatsu, sannan ambaliya ta gangaro lungu ta kwashi tumaki da motoci. Ko ɗigon gajimare babu. Na ce a raina tsohon nan rana ta taɓa masa kai.

Can gaba akwai wata karyayyar hasumiya a kan tudu, tsakaninmu da ita jiƙaƙƙen yashi ne kawai. Na ɗaura ɗankwalin Habi a sanda irin yadda jagororin alhazai ke yi a Muzdalifa, na ce, "Yalla, mu je Hajiya, bi tuta." Ta biyo ni tana dariya. A hasumiyar ba mu tarar da komai ba sai kashin tsuntsaye da ƙaguwa, amma muka shagala da farautar ƙaguwar. Da muka fito, babu hanya. Ruwa ya shimfiɗu a inda muka taka, ba ƙara, ba gudu, yana ta hawowa a hankali, iska tana turo shi. Na yi ihu, iskar ta tafi da muryata. Cikinmu babu wanda ya iya iyo. Na dubi dutsen da muke tsaye a kai, na ga ciyawar ruwa manne a jikinsa, sai na gane nan ma teku tana zuwa.

Na ɗora Habi a wuya, na riƙe ƙafafunta, na shiga. Gwiwa, cinya, ƙugu. Duwatsu suna yanka mini tafin ƙafa. A tsakiya ƙafata ta zurma rami, ruwa ya rufe ni ruf. Gishiri ya cika mini hanci. A nan na saki ƙafafunta, hannu biyu, ina ta waftar ruwa don in ceci kaina. Ita ce ta damƙe kunnuwana ba ta saki ba, har ƙafata ta taka dutse, har masuncin ya iso ya cafke mu. Kawu bai dake ni ba. Zama ya yi daɓas a kan yashi.

Kafin mu iso gida na gyara labarin. Ni ne gwarzon da ya tsallako da ƙanwarsa bai sake ta ba, kuma fiye da shekara hamsin haka nake ba da shi a kowane taron suna.

Yanzu Kawu ya rasu, Habi ta zama kaka a wani bene a unguwar Shisha, jikokinta a tafkin otal suke koyon iyo, da rigar da ba ta barin mutum ya nutse. Bara na je mata barka da salla, na tara su na sake zuba musu labarin, suna ta buɗe baki. Ta bari suka fita, ta tsiyaya mini shayi, ta ce, "Yaya, na ji lokacin da ka sake ni. Na ga dai kana jin daɗin labarin ne, shi ya sa na ƙyale ka."