Musa Bakwai na Katako da Ajin Madam Ramatu

Har gobe ban manta da ranar da ni, da ko aji uku na lakkol ban gama ba, na tsoma baki a koyar da Ingilishi.

Falanto nake, wato ɗan aike, a wata makaranta a unguwar Yantala, inda 'yan kasuwa ke koyon Ingilishi saboda fatauci zuwa birnin Akara. Aikina shara da goge tablo, wato allo. Dokar gidan, sabon malami gwajin wata uku yake yi. A ƙarshe direkta ya shigo ya yi dikte, wato ya faɗa ɗalibai su rubuta. In rabin aji suka faɗi, malami ya kama gabansa.

Saura kwana huɗu a yi dikte na tarar da sabuwar malama, Madam Ramatu, ta yi tagumi.

"Baba Idi, nama da haɗuwa, fure da garin alkama, a Ingilishi faɗarsu ɗaya, rubutu daban. Na yi bayani har na gaji."

Na ce, "'Yata, da ina dako a kasuwar Katako Musa bakwai na sani, ban taɓa kai kayan wani gun wani ba. Musa mai katako, Musa mai albasa. Da kayansa ake gane mutum."

Washegari na shigo da tire: tsire, gari, da furen da na tsinko a lambun direkta, Allah ya yafe. Madam ta rubuta kowace kalma a kwali, ta ba kowa tasa da kayanta. Cikin ɗaliban, Alhaji Seyni ya zama mai nama. Hajiya Hadiza ta ce wallahi ita fure ce, a kai garin gaba. In Madam ta karanta jimla, mai kalmar ya miƙe da kwalinsa. In wani ya miƙe bisa kuskure, aji ya ɗau ihu: "Zauna, ba kayanka ba ne!"

Ran Juma'a direkta ya yi dikte, ba kwali ba tire. Ina leƙe ta taga. Da an ambaci nama, sai idanu su koma kan Alhaji Seyni, sannan biro ya sauka. Mutum biyu kaɗai suka faɗi.

Direkta ya ce, "Madam, a wane littafi kika samo wannan?"

Ta nuno ni da tsintsiyata. "Ga shi can."

Ya dube ni. "Idi, kai ne ɓarawon furena?"

"Kayan aiki ne, Mushe Direkta."

Madam tana nan har yau. Ku sababbin malamai, ku riƙe wannan: ɗan kasuwa yana manta bayani, amma ba ya manta mai kaya. Tsiren kuwa, ni na cinye.